Masu Rarrabe Sassaƙe a Idu

Wanda ya taso daga Gwarinpa ya ratsa Life Camp ya miƙi hanyar Karmo, kafin ya yi nisa zai iske kwanar Idu, unguwar masana'antu, inda tashar jirgin ƙasan Kaduna take. Yawancin mutanen Gwarinpa tashar ce kaɗai ke kai su can. Amma a cikin wannan unguwa ta manyan motoci da rumbunan ajiye kaya akwai Cibiyar Bincike da Haɓaka Magunguna ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIPRD. An kafa ta a 1987, ta fara aiki a 1989, kuma tun 2001 tana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Aikin da ya fi burge ni a cikin ayyukanta shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba: a kawo wa mutum sassaƙe ko saiwa ko ganye a ce masa yana maganin kaza, shi kuma ya zauna da kwalabe da ma'auni har sai ya gano ko gaskiya ne, in gaskiya ne wane sinadari ne a ciki yake aikin, nawa ke warkarwa, nawa ke kisa. Sana'a ce ta hannu da ido tun kafin a zo kan na'ura, kuma mai garaje ba ya iya ta.

Matsalar da suke warwarewa kowane Bahaushe ya san ta. Mai magani zai ba ka ƙullin sassaƙe ya ce a jiƙa a sha safe da yamma. Da wane kofi? Jiƙon kwana ɗaya ko na kwana uku? Itacen da damina aka sassaƙa shi ko da rani, a fadama ya tsiro ko a kan tudu, tsoho ne ko ɗan shekara biyar? Kowanne daga cikin waɗannan yana sauya yawan sinadarin da ke shiga ruwan. Ganye guda yana ɗauke da ɗaruruwan sinadarai, kuma itace ba don mu yake ƙera su ba, da yawansu don kare kansa yake yi daga ƙwari da awaki da cututtukan tsiro. Shi ya sa dafi da magani sukan fito daga tushe ɗaya. Kwankwanin da maharban ƙasar Hausa ke dafa dafin kibiya da shi, daga danginsa likitocin Turai suka samo maganin ciwon zuciya a ƙarshen ƙarni na 19. Awo ne kawai ya raba kibiyar da maganin.

Don haka aikin daga daji yake farawa. Kafin a taɓa kwalba sai masanin tsirrai ya tabbatar da itacen, domin suna ɗaya a bakin mutane yakan hau itatuwa biyu ko uku, kuma abin da Bakano ke nufi da wani suna ba lalle shi Basakkwace ke nufi ba. Sai a yanko reshe da ganyensa da furensa ko 'ya'yansa, a danne shi tsakanin takardu ya bushe, a manna a kwali, a rubuta inda aka samo shi da ranar, a ba shi lamba, a ajiye a taskar busassun tsirrai ta cibiyar. Duk rahoton da zai fito daga baya da wannan lamba zai fito. In bayan shekara 20 wani a Zariya ko a Jamus ya maimaita gwajin bai ga abin da aka gani ba, akwai inda za a koma a duba ko itace ɗaya ake magana a kai.

Daga nan sai shanya, kuma a inuwa, don rana tana lalata wasu sinadaran. A niƙa ya zama gari, a auna, a jiƙa. A nan zaɓin farko mai wuya yake. Ruwa yana janyo sinadaran da ke narkewa a ruwa ya bar masu maiƙo. Hekzen, wanda daga man fetur ake samunsa, yana kwaso masu maiƙon ya bar sauran. Itanol da metanol kuwa suna ɗebo daga nan da can. Gwani yakan fara da tambayar yadda mai maganin yake haɗa nasa, da ruwan sanyi ne ko tafasawa yake yi, da kanwa ko da tsamiya, domin wannan bayani ne ke nuna masa inda zai nema. Bayan kwana biyu ko uku a tace, sannan a raba ruwan da abin da ya ɗauko. Ba a ɗora shi a wuta. Ana zuba shi a wata kwalba mai zagayayyen gindi da ke juyawa cikin ruwan ɗumi, famfo yana zuƙe iskar ciki, sai itanol da ya saba tafasa a digiri 78 ya tafasa tun a wajen digiri 40. Abin da ke saura a jikin kwalbar wani danƙo ne mai duhu, sau da yawa daga kilo guda na gari bai fi cikin tafin hannu ba.

Wannan tsoron zafi yana da tarihi. A ƙasar Sin, Tu Youyou da abokan aikinta sun daɗe suna gwada wani ganye a kan zazzaɓin cizon sauro, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Sai ta koma wani tsohon littafin magani na ƙarni na 4, ta lura cewa jiƙawa da matsewa ya ambata, bai ambaci tafasawa ba. Ta sauya zuwa wani ruwa mai tafasa a digiri 35, kuma a 1971 samfur na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kaf a jikin ɓeraye. Daga nan aka samo atimisinin, wanda a yau shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin da ake saya a kowane kemis na Gwarinpa, ita kuma ta samu lambar Nobel a 2015. Samfur 190 sun wuce kafin wannan, kuma kowannensu sai da wani ya auna ya rubuta.

Danƙon nan da ya saura a kwalba har yanzu cakuɗe ne, kuma rarrabe shi shi ne zuciyar sana'ar. Dabarar ana kiranta kiromatogirafi. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, shi ya fito da ita a farkon ƙarni na 20, inda ya cika bututun gilashi da garin alli ya zuba ruwan ganye ta sama, ya ga koren nan guda ya rabu zuwa zobe-zobe na kore da rawaya. Dalilin ba shi da wuyar fahimta. A ɗauka mutum biyu sun shiga kasuwa ta ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya ɗan gari ne, kowace rumfa sai ya tsaya gaisawa, ɗayan baƙo ne, ba mai tsayar da shi. Baƙon zai riga fita ta ɗaya ƙofar. Haka sinadarai suke a cikin bututun: wani yana yawan manne wa garin sai ya yi jinkiri, wani ya fi son bin ruwan sai ya wuce gaba.

Kafin a hau babban bututu sai an leƙa da ƙarami. Akwai wani ɗan faranti na alminiyam da aka shafa wa farin garin silika. Ana jan layi a ƙasansa da fensir, ba da biro ba, don tawadar biro ita ma za ta rabu ta ɓata aikin. A ɗiga ɗigo ɗaya na samfur a kan layin da siririn bututun gilashi, a jingina farantin cikin kwalba mai ɗan ruwa a gindi, a rufe. Ruwan yana hawa a hankali yana jan sinadaran, kowanne gwargwadon halinsa. Cikin 'yan mintoci a fitar, a bar shi ya bushe. Sau da yawa ido ba ya ganin komai sai an kai shi ƙarƙashin wata fitila ta musamman a cikin duhu, ko an fesa masa wani sinadari an ɗumama shi, sannan ɗigo ɗaya ya bayyana ya zama takwas ko goma a jere, shuɗi da ja da ruwan goro. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo a nan shi ne haɗin ruwan. In ya yi ƙarfi duk ɗigon su ruga sama su cure wuri ɗaya, in ya yi rauni su zauna a kan layi su ƙi motsi. Kashi bakwai na wannan da uku na wancan, ko tara da ɗaya? Babu littafin da ke da amsar sabon ganye. Mutum zai gwada, ya duba, ya gyara, ya sake gwadawa, kuma wanda ya daɗe a aikin yakan dubi faranti ɗaya ya san ta inda zai karkata.

Sannan babban bututu. A toshe ƙasansa da auduga, a dama silika da ruwa a zuba a hankali ana bubbuga jikin gilashin, don ƙwayar iska ɗaya in ta maƙale a ciki za ta buɗe hanya ta ɓarauniya, duk abin da aka raba ya sake haɗewa. A ɗora samfurin a sama, a buɗe famfon ƙasa, ruwa ya riƙa ɗiga. Daga wannan lokaci ba a barin saman garin ya bushe ko sau ɗaya, in ya bushe ya tsage, in ya tsage aikin ya tashi. Mai aikin yana zaune yana sauya ƙananan kwalabe a ƙarƙashin famfon, yana rubuta wa kowace lamba, yana ƙara ƙarfin ruwan mataki-mataki. Yakan kai kwanaki, kwalabe su haura ɗari. Kowace sai an ɗiga ta a ƙaramin faranti, a haɗa masu kama da juna. Sai a kai kowane rukuni gwaji a kan cutar, wanda ya yi aiki a sake raba shi, a sake gwadawa, har a kai ga sinadari tilo. Daga nan na'urori ne ke karɓa: wata ta auna nauyin ƙwayar sinadarin, wata mai ƙaƙƙarfan maganaɗisu ta nuna yadda zarra ke jingine da zarra a cikinsa. Irin waɗannan na'urori suna da tsada kuma ba sa jure ɗaukewar wuta, shi ya sa masu bincike da yawa a Najeriya kan aika 'yan miligiram ɗin da suka sha wahala a kai zuwa ƙasashen waje su zauna jiran amsa.

Babban abin da aka san Idu da shi ya shafi ciwon da babu dangin da bai taɓa ba, amosanin jini, wanda yanzu aka fi kira sikila. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara a Najeriya, fiye da kowace ƙasa. Tushen ciwon ƙanƙani ne ƙwarai. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙinsa tana da ɗiya 146, kuma a jinin mai sikila ɗiya ta 6 ce kaɗai ta sauya: inda ya kamata a samu mai jituwa da ruwa, sai aka samu mai gudun ruwa. Vernon Ingram ne ya gano haka a Ingila a tsakiyar shekarun 1950, bayan Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa a himogulobin ɗin kansa lahanin yake. Muddin akwai oksijin, lafiya lau. Da zarar ƙwayar ta sauke oksijin a cikin jiki, wannan ɗiya mai gudun ruwa sai ta cusa kanta a jikin himogulobin na kusa, shi ma ya cusa tasa a na gaba, su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa ƙwayar ta koma siffar lauje. Ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwon ƙashi ya tashi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20.

A farkon shekarun 1990 wani limamin coci daga jihar Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, wanda yake ba masu sikila wani haɗi na gargajiya, ya yarda ya buɗe wa cibiyar sirrinsa. Shugabanta a lokacin shi ne marigayi Farfesa Charles Wambebe, wanda ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, masani a kan yadda magani ke aiki a ƙwaƙwalwa. Kayan haɗin guda huɗu ne, kuma uku daga ciki suna kowane gida a arewa: 'ya'yan masoro, kanumfari da ganyen dawa. Na huɗun itacen da Yarabawa ke kira osun ne, ɗan uwan madobiya. Abin da ya kamata a jinjina wa a nan shi ne yadda aka bi da mai ilimin. An rattaba hannu a kan yarjejeniya da shi, aka sa shi cikin masu aikin, kuma da aka yi wa maganin rajistar mallaka a Amurka a 1998 sunansa na cikin jerin waɗanda suka ƙirƙiro shi, tare da su Wambebe da Karniyus Gamaniel da Joseph Okogun. Masu maganin gargajiya suna da dalilin ɓoye abin da suka gada, don an sha karɓa ba a waiwaye su ba. Aka sa wa maganin suna Niprisan.

Yaya ake gane ko haɗi yana hana lanƙwasa? Gwajin farko a kan ɗan gilashi ake yinsa. A ɗauki jinin mai sikila, a haɗa da wani gishiri mai zuƙe oksijin, a rufe gefen gilashin don kada iska ta shiga, a sa a madubin ƙara girma, a ƙirga ƙwayoyi ɗari-ɗari: nawa suka lanƙwashe, nawa suka tsaya a zagaye. Amma ba gilashi ɗaya ake yi ba. Ɗaya yana da samfurin, ɗaya ruwan gishiri zalla, ɗaya kuma wani sinadari da aka riga aka san yana hana lanƙwasa. In ba a jera ukun nan ba, lambar da aka samu ba ta da ma'ana. Daga baya masana a asibitin yara na Filadelfiya, a ɗakin binciken Toshio Asakura, sun gwada Niprisan suka ga yana jinkirta haɗuwar zaruruwan. Jinkiri kuwa shi ne abin da ake nema. Ƙwayar jini ba ta daɗewa a cikin ƙananan hanyoyi, ta wuce ta koma huhu ta sake ɗaukar oksijin. In zaruruwan ba su samu haɗuwa ba kafin ta fita daga matsattsen wurin, ta tsira a wannan zagayen. Ba sai an gyara himogulobin ba, ya isa a sa shi ya makara.

Kafin magani ya shiga bakin mutum sai ya bi ta kan ɓeraye. Hanyar da aka fi bi a ɗakunan binciken Najeriya ita ce ta Lorke, ta 1983: rukuni uku na ɓeraye uku-uku, a ba su miligiram 10, da 100, da 1,000 a kan kowane kilo na nauyin jiki, a zuba musu ido yini da kwana, sannan a ɗaga ko a rage. Bayan haka a ba wasu kullum na tsawon makonni, a duba hanta da ƙoda da jini. Sai gwajin mutane, wanda a Niprisan aka buga sakamakonsa a 2001. Marasa lafiya 82 aka raba gida biyu, wasu suna shan maganin, wasu suna shan kafso mai kama da shi sak amma ba komai a ciki, kuma daga mai sha har likitan da ke duba shi ba wanda ya san wane ne wane. Bayan wata shida aka yi musanya. An yi haka ne don sa rai yana rage jin ciwo, kuma likitan da yake son maganinsa ya yi nasara idonsa yakan ga abin da zuciyarsa ke so. Masana ne suka ɗaure wa kansu ido da hannunsu, kuma a ganina babu abin da ya fi wannan daraja a duk sana'ar. Sakamakon ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani a lokacin shan maganin. Masu bitar bincike na Cochrane sun amince da alamar, suka ƙara da cewa mutum 82 sun yi kaɗan, ana bukatar gwaji mafi girma, kuma maganar tasu tana kan hanya. Ko maganin da wani katafaren kamfanin Amurka ya mallaka, Oxbryta, wanda aka amince da shi a 2019 don hana wannan haɗuwar zaruruwa, an janye shi daga kasuwa a 2024 da bayanai suka ƙaru.

Niprisan bai zama sinadari tilo ba, haɗin tsirrai huɗu ya ci gaba da zama. Hakan yana faruwa: wani lokaci ana rarrabe cakuɗe sai ƙarfin ya ɓace, don sinadaran tare suke aiki. To ta yaya za a tabbatar kafson bana daidai yake da na bara, alhali kanumfarin da dawar daga gonaki dabam-dabam suka fito? Da jikar dabarar Tswett, na'urar da ake kira HPLC, wadda ke tura ruwa da ƙarfi ta cikin ɗan bututun ƙarfe ta zana sakamakon a kwamfuta, kowane sinadari da tsininsa a inda ya saba fitowa, tsawon tsinin kuma yana nuna yawansa. An san yujinol na kanumfari, an san fiferin na masoro. Duk sabon kashin da aka haɗa sai an ɗora zanensa a kan na asali. In wani tsini ya gajarta ko wani baƙo ya bayyana, kashin ba ya fita. Wannan ita ce amsar tambayar wane kofi.

Akwai wani aikin da ya fi kusa da mu, a kan gamji, itacen da aka yi wa Sardauna laƙabi da shi. Masu maganin ƙasar Hausa sun daɗe suna ba da sassaƙensa ga mai farfaɗiya da mai taɓin hankali. Ben Chindo da abokan aikinsa a cibiyar sun bi wannan magana tun farkon shekarun 2000. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da daidaito tsakanin sinadaran da ke zaburar da jijiyoyi, babbansu gulutamet, da masu kwantar da su, babbansu GABA. In zaburarwa ta rinjayi kwantarwa, jijiyoyi da yawa su harba a lokaci ɗaya, mutum ya faɗi yana jijjiga. A ɗakin gwaji ana yi wa ɓera allurar wani sinadari mai toshe aikin GABA, mai bincike yana riƙe da agogo yana jiran fizgar farko. Ɓeran da aka riga aka ba samfurin, ya daɗe kafin ya fara? Ya tsira? Suka gano cewa rukunin sinadaran sassaƙen masu yin kumfa, waɗanda ake kira safonin, sun kare ɓeraye a wannan gwaji, amma ba su kare su a gwajin jijjigar lantarki ba. Duka biyun suka buga a 2009, nasarar da rashinta, kuma rashin ma bayani ne, don yana nuna wace irin farfaɗiya za a sa rai da wadda ba za a sa ba. Wannan sakamakon ɓera ne. Bai ba kowa izinin ajiye maganin asibiti ya koma jiƙon gamji ba, kuma su masu binciken ba su taɓa cewa haka ba.

Inda igiyar ke tsinkewa a ƙasarmu shi ne tsakanin giram da tan. A 2002 aka ba wani kamfanin Amurka, Xechem, lasisin yin Niprisan. Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Yulin 2006 da sunan Nicosan, a Sheda da ke kan hanyar Lokoja. A 2008 kamfanin ya karye, a 2009 gwamnati ta karɓe lasisin, iyayen da suka fara ganin sauƙi a jikin 'ya'yansu suka shiga neman abin da babu a kanti. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da May & Baker, wanda ya fito da shi da sunan Niclovix. Yin magani da yawa ilimi ne na dabam, kuma babban ɓangarensa sanin sinadari mai zuga ne, wato wanda ke hanzarta haɗuwar wasu ba tare da shi ya ƙare ba. Atimisinin ba ya narkewa sosai a ruwa ko a mai, don haka sai an sauya masa siffa, sannan a haɗa shi da metanol da ɗan asid mai zuga kafin a samu atimita ɗin da ke cikin ƙwayar zazzaɓi. Takin yuriya da manomi ke saya shi ma haka ne: sai da Alwin Mittasch ya yi dubban gwaje-gwaje a kamfanin BASF na Jamus kafin ya dace da haɗin baƙin ƙarfen da ya sa masana'antar farko ta amoniya, wadda ake yin yuriya da ita, ta tashi a 1913. Har yau yawancin sinadaran da kamfanonin Najeriya ke dunƙulawa su zama ƙwaya daga Indiya da Sin ake shigo da su. Muna da masu gano abin da ke cikin ganye, masu ƙera shi da tan ne muke da ƙarancinsu.

A 2020 an jarraba cibiyar ta wata fuskar. Annobar korona tana tashe, Madagaska ta fito da wani ruwan ganye ta ce yana warkarwa, aka kawo wa Shugaba Buhari samfurinsa ta hannun shugaban Gini Bisau a watan Mayu. Mutane sun ƙagu su ji an ce Afirka ta samo magani. Aka miƙa shi ga hukumomin bincike, ciki har da Idu. Suka ɗiga a faranti, suka tura a na'ura, suka jera zanensa da na ganyen atimisiya da ke gonar cibiyar, ganyen nan da Tu Youyou ta yi aiki a kai. Zanen ya zo ɗaya. A watan Yuli suka ba da rahoto: yawancin abin da ke ciki wannan ganye ne, ya rage tari a jikin dabbobi, amma babu shaidar yana warkar da korona. Wuri ɗaya ne ya gaskata Rabaran Ogunyale ya kuma ƙi gaskata wannan, da kayan aiki iri ɗaya.

Mai sayen maganin gargajiya na kwalba a Gwarinpa ko a kasuwar Karmo yana iya amfana da wannan bambanci tun a hannunsa. In lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba ba a ga cutarwa ba a gwajin farko, aka ba shi izini na wani lokaci. Ba ta nufin an tabbatar yana maganin cututtukan da ake jerowa a lasifika, shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikin kwalin cewa hukumar ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Cikakkiyar rajista sai maganin da ya bi ta gwajin mutane irin wanda aka yi wa Niprisan.